Masu Cewa a Soke Jinga, Ku Zo Mu Zazzage Jakar Ɗan Sakandaren Amurka

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin wasu daga cikinmu, musamman masu ƙanne ko 'ya'ya a makarantun kuɗi, wai jinga wahalar banza ce, wai "ai ko a Amurka an daina ba yara aikin gida." Ana faɗin ta da ƙarfin hali kamar wanda ya je ya gano da idonsa. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ba za mu tsaya a musun fatar baki ba. Za mu ɗauki aji ɗaya tak, ajin tarihin Amurka a babbar sakandaren ƙasar, mu zazzage jakar ɗalibinsa a gaban kowa, a ga abin da yake ɗauka zuwa gida da yadda yake raba shi a kan kwanakin shekara. In an gama, mai cewa a soke jinga ya sake faɗa mu ji.

Da farko dai, rigimar jinga a Amurka ta girmi kakanninmu. A 1900 wani editan mujallar mata mai suna Edward Bok ya kafa wa aikin gida kahon zuƙa, yana cewa zalunci ne da ke lalata lafiyar yara. Maganarsa ta yi tasiri, domin a 1901 jihar California ta yi dokar hana ba wa yaran da ba su kai shekara 15 ba aikin gida. Dokar ba ta yi tsawon rai ba. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik sararin samaniya a 1957, sai hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce an wuce su ne saboda 'ya'yansu ba sa karatu, aka dawo da jinga da ƙarfinta. A 2006 kuma Alfie Kohn ya fitar da littafinsa The Homework Myth yana cewa amfanin da ake jingina mata tatsuniya ce. Haka abin yake ta lilo, yau a ɗaga, gobe a sauke. To amma ga abin da masu yaɗa maganar suke tsallakewa: mafi ƙarfin hujjar masu adawa a kan ƙananan yara take. Harris Cooper na Jami'ar Duke, wanda ya shafe shekaru yana tattara binciken da aka yi a kan batun, ya nuna cewa a firamare alaƙar jinga da ƙoƙarin yaro ba ta taka kara ta karya ba, amma a sakandare tana da ƙarfi. Akwai ma ƙa'idar da ƙungiyoyin malamai da na iyaye a can suka daɗe da amincewa da ita: minti goma a kowane dare ga kowane aji da yaro ya hau. Ɗan aji ɗaya minti goma, ɗan aji 11 kusan awa biyu. Wannan ne "an daina"?

Ɗalibin da muke magana a kansa yana aji 11 ne a yawancin jihohi, ɗan shekara 16 ko 17, sa'an ɗan SS2 a wurinmu. Akwai ajin tarihi na gama-gari, akwai kuma mai zurfi da ake kira AP, wanda wata cibiya mai zaman kanta, College Board, take tsara manhajarsa da jarrabawarsa. Wanda ya ci da kyau, jami'o'i da yawa suna yafe masa kwas ɗin. Shi za mu fi dubawa. Ana buɗe makaranta a Agusta ko farkon Satumba, jarrabawa kuma a watan Mayu. A tsakanin nan sai an bi tarihin ƙasar tun daga 1491, shekara ɗaya kafin saukar Columbus, har zuwa yau, an kuma yanka wannan doguwar tafiya gida tara. Littattafan da ake bi ba ƙananan kundaye ba ne. The American Pageant, wanda aka fara bugawa a 1956 ake kuma ta sabunta shi, ya kai shafi dubu. Give Me Liberty! na Eric Foner babi 28 ne. Jarrabawar awa uku da kwata ce: tambayoyin zaɓi 55 cikin minti 55, gajerun amsoshi uku cikin minti 40, sannan insha'i biyu.

Ɗaya daga cikin insha'in nan biyu shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Mu kira shi tambayar takardu. Ana miƙa wa yaro takardu bakwai na asali, wataƙila wasiƙa, guntun jawabi, zanen barkwanci na tsohuwar jarida, taswira, hukuncin kotu. Sai a yi masa tambaya guda, a ba shi awa ɗaya, kwatan farko na karatu ne. Maimaita abin da takardun suka ce ba zai fisshe shi ba, wannan ko aku zai iya. Ana so ya ɗauki matsaya, ya kafa ta da hujja daga takardun, ya kawo wata hujjar daga kansa wadda ba ta cikinsu, sannan ya nuna ya san wa ya rubuta takarda, a wane hali, don wa, da wace manufa. Wannan tambaya ita kaɗai ta kwashe kashi 25 cikin ɗari na makin jarrabawar. To a gaya mana, a ina yaro zai koyi wannan? In malami ya ƙarar da ɗan lokacin darasi yana karanta wa yara abin da ke cikin littafi, yaushe za a yi muhawara? Dole karatun ya koma gida, aji ya zama fagen gardama. Wanda ya zo bai karanta ba ɗan kallo ne, kamar wanda ya shiga dandalin dambe bai ɗaura zare ba.

Bari mu ba da misali don kada a ce zuba kawai muke yi. Tambayar da ba ta taɓa mutuwa a ajin nan ita ce: me ya jawo Yaƙin Basasar 1861 zuwa 1865? Har yau akwai Amurkawan da za su rantse maka cewa bauta ba ta ciki, 'yancin jihohi aka kare. Malami mai hankali ba zai tsaya yana yi wa yara lacca ba, jinga zai ba su. Takarda ta farko, sanarwar da jihar Carolina ta Kudu ta fitar a Disambar 1860 tana bayyana dalilinta na ɓallewa, inda babban kukanta shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu. Ku duba abin dariya: masu iƙirarin kare 'yancin jihohi suna ƙorafi ne don wasu jihohin sun yi amfani da nasu 'yancin. Takarda ta biyu, jawabin da Alexander Stephens, mataimakin shugaban ƙasar 'yan aware, ya yi a birnin Savannah a Maris ɗin 1861, inda ya faɗa ƙarara cewa tubalin da aka ɗora sabuwar gwamnatinsu a kai shi ne baƙar fata bai kai farar fata ba, kuma bauta ce matsayin da ya dace da shi. Takarda ta uku, littafin da shi dai wannan Stephens ɗin ya wallafa bayan an ci su da yaƙi, tsakanin 1868 da 1870, inda ya juya baki ya ce rigimar ta tsarin mulki ce, tsakanin ikon tarayya da ikon jihohi. Mutum ɗaya, baki biyu.

Yaro ya baje ukun a kan tebur da dare, babu mai gaya masa amsa. Sai ya tambayi kansa: yaushe Stephens ya fi buƙatar ɓoye abin da ke ransa? Ranar da yake gaban magoya bayansa yana ganin nasara a tafin hannu, ko ranar da aka murƙushe su, aka soke bauta da gyaran tsarin mulki na 13 a 1865, duniya kuma ta juya wa abin baya? Daga ranar da yaro ya warware wannan ƙulli da kansa, yi masa ƙarya ya zama aiki, ko a littafi, ko a jarida, ko a bakin ɗan siyasa. Aikin minti 40 ke nan na dare ɗaya. Wannan ce jingar da ake cewa a soke.

Kuma ba a haihuwar mutum da irin wannan ido. Sam Wineburg, wanda daga baya ya jagoranci wata cibiyar koyar da tarihi a Jami'ar Stanford, ya yi wani gwaji da aka buga a 1991. Ya tara takardu a kan arangamar Lexington ta 19 ga Afrilu 1775, inda aka yi harbin farko a yaƙin neman 'yanci daga Ingila, kowane ɓangare kuma yana cewa ɗayan ne ya fara danna kunamar bindiga. Ya ba ƙwararrun masana tarihi, ya kuma ba ɗaliban sakandare masu hazaƙa. Masanan, kafin su karanta layin farko, sai idonsu ya faɗa ƙasan takarda su ga wa ya rubuta, kuma yaushe. Ɗaliban suka fara daga sama suka gangaro, suka kuma fi amincewa da littafin makaranta, wanda masanan suka tura can ƙarshen layi. Abin mamaki, wasu yaran sun fi wasu masanan sanin sunaye da shekarun wancan zamani, domin ba duka masanan ne fanninsu tarihin Amurka ba. Ke nan bambancin ba a yawan hadda yake ba, a ɗabi'ar tuhumar takarda yake, ita kuwa ɗabi'a sai da maimaici. Wannan ya kamata ya sa mu tsargu, mu masu tsinto "tarihi" a saƙon WhatsApp mu zuba shi a labari ba tare da mun tambayi daga bakin wa ya fito ba.

Yanzu mu zo kan tsarin lokaci, wanda shi ne rabin aikin. Ɗalibi mai wayo daga Mayu yake fara lissafi ya dawo baya, tunda ya san ranar jarrabawa tun kafin a buɗe makaranta. Sai ya ware kusan duk watan Afrilu don bita, ya cire hutun bikin nuna godiya na ƙarshen Nuwamba, da na Kirsimeti, da na tsakiyar zango. Abin da ya rage bai kai mako 30 ba. Ke nan babi guda a mako, babu fashi, babi kuwa shafi 30 zuwa 40 ne. Wanda ya raba shi dare biyar, shafi shida zuwa takwas ne a zama ɗaya. Wanda ya bari sai daren Lahadi, shafi 40 ne a gabansa da ido mai nauyi. Wanda ya bar mako uku suka taru ya ci bashin da ba ya biyuwa, domin aji ba ya jiran kowa. Ga shi kuma lokaci ɗaya ake jarrabawar a duk faɗin ƙasar, alhali makarantun jihohin Kudu da yawa a Agusta suke buɗewa, na wajajen New York kuwa sai Satumba. Shi ya sa malamai da dama suke haɗa yara da jinga tun a dogon hutu: karanta babin farko da na biyu, ka zo da rubutu ranar da aka dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ba a raba lokacin daidai wa daida. College Board ta fito fili ta faɗi nauyin kowane zamani. Na farko, 1491 zuwa 1607, da na ƙarshe, 1980 zuwa yau, kowanne kashi 4 zuwa 6 ne kacal. Zamuna shida na tsakiya, daga 1754 zuwa 1980, kowanne kashi 10 zuwa 17 ne, kuma daga cikinsu tambayar takardu take fitowa. Yaron da ya kashe wata biyu a kan jiragen ruwan Turawan farko saboda zumuɗin sabuwar shekara, zai iso kan Yaƙin Cacar Baka da gwagwarmayar su Martin Luther King a guje, numfashi sama-sama. Akwai wani abu a rabon nan da ya burge mu: zamunan suna hawa kan juna. Na huɗu ya ƙare a 1848, amma na biyar ya fara tun 1844. Na biyar ya kai 1877, na shida kuma ya fara a 1865. Da gangan ne. Yaƙin da aka yi da Mexico daga 1846 zuwa 1848 ƙarshen labarin faɗaɗa ƙasa ne, kuma shi ne mafarin labarin Yaƙin Basasa, tunda rigimar da ta biyo baya ita ce ko za a shigar da bauta sabbin yankunan da aka ƙwace. Duk wanda ya taɓa shan wahalar neman inda zai yanke babi ya san darajar wannan.

Yadda ake karatun ma da dabara. Tun shekarun 1950 wani malami a Jami'ar Cornell, Walter Pauk, ya fito da tsarin raba shafin littafin rubutu: gefen dama mai faɗi don abin da ka karanta, siririn gefen hagu don tambayoyin da za ka yi wa kanka, ƙasa kuma layi biyu ko uku na taƙaitawa da kalmominka. Gobe sai ka rufe dama da tafin hannu, ka amsa tambayoyin hagu da ka. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da mutum ya haddace yana zubewa da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sai in an waiwaye shi. Don haka jadawali mai kyau yana da gurbin komawa baya, ɗan lokaci ranar Asabar don babin makon jiya, wani don na watan jiya. Lokaci-lokaci kuma a kafa agogo, a ɗauko tambayar takardu ta shekarun baya, irin waɗanda College Board take sakawa a shafinta tare da amsoshin ɗalibai da makin da suka samu, a rubuta cikin awa ɗaya cur.

A nan ne muke da faɗa da rukuni na biyu, waɗanda ba su ce a soke jinga ba amma sun kashe ta a tsaye. Intanet cike take da bidiyon da ke dunƙule babi guda cikin minti goma, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da za ta rubuta maka insha'i kafin ka ƙifta ido. Bidiyon bita ba laifi ga wanda ya riga ya karanta. Amma wanda ya mai da shi madadin karatu, an tauna ne an ba shi a baki, kuma bai san abin da mai taunawar ya haɗiye ba. Taƙaitawa za ta ce maka Stephens ya kare bauta. Ba za ta sa gabanka ya faɗi ba kamar in ka karanta shi da kanka, ka ga mutum yana faɗin haka yana alfahari, jama'a suna tafi. Mu da muka bi ta kwalejin kimiyya da fasaha mun ga irin wannan karatu da idonmu: a tara takardun malami sai saura kwana biyu, a yi kwanan zaune a aji da shayi da maganin sauro, a juye a takarda da safe, kafin la'asar an manta. Wani lokaci ana cin jarrabawa da shi, ba a dai zama mai tunani da shi. Kada kuma wani ya ɗauka kowane ɗan Amurka masanin tarihinsu ne. A gwajin ƙasa da aka yi wa 'yan aji takwas a 2022, kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka kai matakin ƙwarewa. Ƙasar da take da wannan alƙalumman ba rage karatu take buƙata ba.

Ba za mu ɓoye ba, masu adawa suna da abin faɗa. Akwai jingar da ba ta da maraba da horo: cike gurbi a takarda, kwafe ma'anar kalmomi 50 daga bayan littafi, shafa wa taswira launi. Wannan ko mu za mu sa hannu a soke ta. Akwai gudun da ake yi, shekara 500 cikin wata tara, ba a tsayawa a nutsa a ko'ina. Ma'aunin makin kansa yakan haifar da rubutu mai kama da bulo, duk daga kwano ɗaya, yaro yana farautar maki maimakon ya faɗi abin da ya gano. Mafi nauyi shi ne rashin daidaito. Akwai ɗan shekara 17 da yake tashi daga makaranta ya wuce aiki a gidan abinci har dare, akwai mai rainon ƙanne, akwai wanda gidansu babu intanet, abin da annobar korona ta tona a 2020. Duk gaskiya ne. Amma in an soke jinga saboda haka, wa aka taimaka? Ɗan mai kuɗi ba zai taɓa rasa jinga ba. Gidansu akwai kantar littattafai, akwai malamin da ake biya ya zo har falo, akwai uban da zai ja shi gardama ana cin abinci. Ɗan talaka kaɗai za a sallama hannu rabbana, a ce an tausaya masa. Jinga mara kyau gyara ta ake yi: a rage yawa, a ba da jadawalin wata guda tun da wuri don mai aiki ya san yadda zai raba dararensa, a buga takardun a danƙa masa a hannu, a bar ɗakin karatu a buɗe bayan an tashi.

In kuna son ku san cewa abin da yaro yake karantawa da dare ba wasa ba ne, ku dubi yadda manya suke kokawa a kansa. Da College Board ta sake fasalin manhajar a 2014, jam'iyyar Republican ta yi tir da ita a hukumance, tana cewa an cika nuna aibin ƙasa an danne alherinta. A gundumar Jefferson ta jihar Colorado, wasu 'yan hukumar makarantu suka kawo shawarar a duba manhajar don ta ƙarfafa kishin ƙasa, ta kuma guji abin da zai koya wa yara bijire wa hukuma. Ɗaruruwan ɗalibai suka fice daga aji suka hau titi, wato suka aikata ainihin abin da ake tsoro, abin da suka karanta a babin su Rosa Parks. A 2015 kuma, a jihar Texas, wani ɗalibi ya ci karo da taswira a littafin labarin ƙasa, inda aka kira miliyoyin 'yan Afirkan da aka kwaso a ɗaure da sunan ma'aikata, kai ka ce ci-rani suka je. Ya ɗauki hoto ya tura wa mahaifiyarsa, magana ta fasu, kamfanin da ya buga littafin ya amsa laifinsa. Yaron da ba ya buɗe littafi ba zai kama wannan ba. Mu kuwa ba mu da bakin yi wa kowa dariya, tunda a Najeriya cire darasin tarihin aka yi ɗungurungum daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka shafe shekaru kafin a dawo da shi.

Tunda zauren marubuta ne, ba za mu tashi ba sai mun bar muku taku jingar. Daga cikin tarihin Amurkan za mu ciro ta, amma mai ita ɗan gida ne. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda duniya ta sani da Nicholas Said, a Kukawa ta Borno aka haife shi a shekarun 1830. Ya ce mahaifinsa shi ne Barka Gana, jarumin Shehu al-Kanemi. Yana yaro mahara suka kama shi, aka ƙetara Sahara da shi aka sayar, ya bi ta Tarabulus da Istanbul, ya faɗa hidimar wani ɗan sarautar Rasha inda ya samo sunan Nicholas, ya zaga Turai, daga ƙarshe ya sauka a nahiyar Amurka dab da Yaƙin Basasa. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, rundunar baƙaƙen fata a ɓangaren Arewa.

Takarda ta farko: labarinsa da mujallar Atlantic Monthly ta birnin Boston ta buga a Oktoban 1867, wanda tun a gabatarwarsa aka faɗi cewa ya yi soja. Takarda ta biyu: littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1873 a birnin Memphis na jihar Tennessee, lokacin yana yawon koyar da 'ya'yan baƙaƙen fata a Kudu. A wannan littafin babu soja, babu runduna ta 55, ya ma ja shekarar isowarsa ƙasar zuwa bayan an gama yaƙin. Ga kuma hujja daga waje, kyauta muka ba ku: a Mayun 1866, a wannan birni na Memphis, gungun farar fata sun afka wa unguwannin baƙaƙe, tsofaffin sojoji suna sahun gaba cikin waɗanda ake farauta, suka kashe baƙaƙen fata 46, suka ƙone makarantunsu da majami'unsu. A shekarun da suka biyo baya kuma 'yan Ku Klux Klan suna bin malaman irin makarantun da yake koyarwa.

Duka rubuce-rubucen biyu suna nan a intanet, kuma Turancinsu ba mai karya haƙori ba ne. Ku raba su dare biyar, kada ku bari sai daren ƙarshe. Ku fara duba inda aka buga kowanne da shekarar da aka buga shi kafin ku karanta layin farko. Tambayar ita ce: me ya sa mutumin da ya ba da labarin kama shi da sayar da shi dalla-dalla ya shafe shekarun da ya yi sanye da kaki, kuma in har ya iya shafe wannan, yaya za mu yi da maganarsa a kan Barka Gana? Shafi biyu muke so, da matsaya a sakin layi na farko, nan da mako mai zuwa. Wanda ya kawo mana taƙaitawar na'ura za mu gane shi, domin za mu tambaye shi sunan garin da Sa'id ya ce a nan jirginsu ya ajiye shi, da shekarar da ya rubuta a kowace takarda.